Babi na Shida: Katako da Ruwan da Ke Cikinsa

A shekarar da na ƙarasa ginin ɗakin baƙi a gidana, na sa wani kafinta, dattijo mai tsabtar aiki wanda ba a taɓa jin kansa da kowa ba, ya yi mini ƙyaure na falanki uku, ya kuwa kawo shi cikin watan Satumba, ruwa bai gama ɗaukewa ba, an goge shi sumul, an haɗa bakin falankan har mutum ba ya iya zura ko tsinken tsintsiya a tsakaninsu. Ko da hunturu ya kankama cikin Janairu, sai ga hasken fitila yana fitowa ta tsakanin falankan nan uku, kowace kafa ta isa a zura alƙalamin kara, falankin tsakiya kuma ya dare daga inda aka buga ƙusa ta sama har kusan taƙi guda. Na tafi wurinsa da fushina, na faɗi abin da na faɗa. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ajiye zarton da ke hannunsa ya ce, "Malam, wallahi ban rage maka ko ƙwayar gero ba. Iska ce ta ɗebi rabonta. Ka yi haƙuri damina ta faɗi, za ta mayar maka." Na ɗauki maganar a kan irin hanzarin da masu sana'a ke kawowa idan aiki ya ɓaci, sai da watan Agusta ya zo, ƙyauren ya kumbura har sai an sa masa kafaɗa kafin ya buɗe, sa'an nan na san cewa dattijon nan ya faɗa mini wata mas'ala ta ilimi, ni ne dai ban fahimta ba.

Asalin al'amarin shi ne, itace tun yana tsaye a daji rumbun ruwa ne, domin jikinsa duka an gina shi ne da 'yan bututu ƙanana waɗanda ido ba ya gani, suna jere a tsaye kamar damin karan dawa, ta cikinsu ruwa ke hawa daga saiwa zuwa ganye. Ruwan nan kuwa iri biyu ne, kuma wanda bai rarrabe tsakaninsu ba, ba zai taɓa gane dalilin da ya sa katako ke yin abin da yake yi ba. Akwai ruwan da ke zaune a cikin ramin bututun, kamar ruwa a cikin gora, wanda fitarsa ba ta canja girman katako ko kaɗan, sai dai ta rage masa nauyi. Akwai kuma ruwan da ya shiga cikin bangon bututun kansa ya kumbura shi, kamar yadda igiyar rama ke kumbura idan ta jiƙa, wannan shi ne idan ya fara fita katako yake tsukewa. Wani masani ɗan Amurka mai suna Harry Tiemann, wanda daga baya ya yi aiki a ɗakin binciken kayan daji da aka kafa a garin Madison a 1910, shi ne ya fayyace wannan iyaka tun a 1906, wato matakin da ruwan rami ya ƙare alhali bango na nan a ƙoshe, kuma a yawancin itatuwa iyakar tana faɗawa wajen kashi 28 zuwa 30 cikin ɗari.

Ya kamata a yi bayanin wannan lissafi na kashi cikin ɗari, tun da shi ne mizanin sana'ar baki ɗaya. Ana yanko ɗan guntu daga falanki, nesa da bakinsa, a auna nauyinsa nan take, sa'an nan a sa shi a tanderu mai zafin digiri 103 a ma'aunin santigiret har nauyinsa ya daina raguwa. Idan ya shiga da giram 150 ya fito da 120, to ruwan da ya fita giram 30 ne, ana kuma gwada shi da nauyin busasshen, watau kashi 25 ke nan. Saboda da busasshen nauyi ake gwadawa, ba abin mamaki ba ne a ji an ce ɗanyen gungume yana da ruwa fiye da kashi 100, kamar yadda ake samu a malaina, itacen nan da aka kawo daga nahiyar Asiya aka dasa gandu-gandu a Nijeriya, wanda ruwan cikinsa kan rinjayi nauyin itacen kansa, kuma yana da jinkirin bushewa ƙwarai, ko da yake idan ya bushe yakan zauna lafiya.

To, a nan ne kalmar "busasshe" take yaudarar mai saye da mai sayarwa baki ɗaya. Katako ba ya bushewa ya gama kamar yadda tukunya ke gasuwa ta gama, a'a, muddin yana nan yana karɓa yana bayarwa tsakaninsa da iskar da ke kewaye da shi, har sai sun daidaita, idan iskar ta canja shi ma ya bi ta. Inda laimar iska take kashi 80, katako yakan tsaya wajen kashi 16, inda take 65 ya tsaya wajen 12, inda take 30 ya sauko wajen 6, idan kuwa ta yi ƙasa da 20 sai ya gangaro zuwa 4 ko kusa da haka. Sai mai karatu ya dubi hanyar da katakonmu ke biyowa. Ana sare loko da afara da obece da danginsu a kurmin kudu, wajen Sapele da Binin da Ondo da Kuros Riba, inda iska ke ɗauke da laima kusan duk shekara, a yanka su a injin, a loda wa tirela sau da yawa ruwan bai ko tsane ba, a kwana biyu ko uku a sauke su a 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, ko a Kaduna da Zariya da Jos, wasu su haura har kasuwar Katako ta Yamai. Falankin da mutumin Sapele zai rantse ya bushe, kuma bai yi kaffara ba domin a garinsu ya bushe ɗin, idan ya iso Kano cikin Fabrairu, sa'ad da laimar iska ke sauka ƙasa da kashi 20 da rana, yana da sauran ruwa mai yawa da zai biya.

Nawa zai biya? A ɗauki falanki mai faɗin inci 12, wato santimita 30, na itacen da tsukewarsa matsakaiciya ce, wanda daga ƙoshi zuwa bushewa ƙarƙaf yake rasa kashi 6 cikin ɗari na faɗinsa. Idan ya sauko daga kashi 18 zuwa 6, zai rasa kusan milimita 7, falanki uku kuma su rasa santimita 2 a haɗe, wanda shi ne daidai hasken fitilar da na gani ta ƙyauren ɗakin baƙina. Abin da ya ƙara wa mas'alar wuya shi ne, tsukewar ba ta tafiya daidai ta kowace fuska. Ta tsawo kusan babu ita, domin ba ta wuce kashi ɗaya ko biyu cikin dubu. Ta bin da'irorin nan da ake gani a bakin gungume kuwa, takan kai kusan ninki biyu na wadda ke ratsa su daga tsakiya zuwa ɓawo. Wannan saɓani shi ne uban yawancin aibobin da ake kuka da su. Falankin da aka yanko daga gefen gungume, fuskarsa ta wajen ɓawo ta fi ta wajen tsakiya tsukewa, don haka sai gefensa biyu su ɗago ya zama kamar kwami, alhali wanda aka yanko ta tsakiya, da'irorin suna tsaye a bakinsa, yana zama a shimfiɗe. Wanda ya ƙunshi ɓargon tsakiyar itacen kansa kuwa, da wuya ya tsira daga tsagewa ko da wane irin tattali aka yi masa. Murɗewa da karkacewa sun fi zuwa daga itatuwan da zarensu ke sarƙe da juna, irin maɗaci da 'yan uwansa, ko daga bishiyar da ta girma a karkace.

Mutanenmu na da, masassaƙa masu turmi da akushi da allo, sun san wannan duka ba tare da ma'auni ba, shi ya sa ba ka ganin masassaƙi ya jefar da sabon turmin kirya a tsakiyar rana, sai dai ya kai shi inuwa, ya bar shi ya huce a hankali. Hikimar da ke ciki ita ce, fatar katako ke fara bushewa, cikinsa na nan jiƙe, fatar tana so ta tsuke, cikin ya hana ta, idan ja-in-jar ta fi ƙarfin fatar sai ta yage, a ga 'yan tsage-tsage a fuskar falanki. Bakin falanki kuwa, inda bututun ke buɗe, yana zubar da ruwa fiye da gefe har ninki goma ko sama da haka, don haka shi ne farkon darewa, kuma maganinsa mai araha ne ƙwarai, wato a shafe bakin da kakin zuma ko fenti mai kauri tun ranar da aka yanka, kafin tsagar ta fara, domin fentin da aka shafa bayan kwana uku ado ne kawai.

A ganina babban kuskuren da ake yi a kasuwannin arewa shi ne ɗaukar rana da iskar hunturu a matsayin ni'ima tsantsa. Mai katako a kudu abokin gabarsa jinkiri ne, domin katakon da ya daɗe sama da kashi 20 funfuna na kama shi, obece musamman, wanda cikin 'yan kwanaki shuɗin tabo kan ratsa farin jikinsa, tabon da ba ya rage ƙarfi sosai amma yana kashe kuɗin falanki, kuma gogewa ba ta fitar da shi. Mai katako a arewa kuwa abokin gabarsa gaggawa ce. Ɗanyen katako mai kauri, idan aka jingina shi a bango yana fuskantar rana cikin Disamba, a mako guda an yi masa illar da ba ta gyaruwa. Abin da ya dace shi ne a ɗaga tulin daga ƙasa kamar kamu ɗaya, a jera falankan a kwance, a sa 'yan sanduna busassu masu kauri ɗaya, wajen santimita 2, tsakanin kowane jeri da na samansa, tazarar rabin mita ko ƙasa da haka, kowace sanda a kan ta ƙasanta sak, a sa rufi a sama, a ɗora nauyi, idan kuma buji ya yi tsanani a tare gefen da iska ke bugowa da zana ko buhu. Sandar da ta kauce daga layin 'yan uwanta ita ke karya bayan falanki, kuma idan ɗanya ce takan bar masa baƙin zane wanda ke fitowa ko bayan an yi fenti.

Manyan masana'antu ba sa jiran yanayi, suna da ɗakunan busarwa da ake hura wa zafi da tururi, fankoki suna kaɗa iska ta tsakanin jeri, ana lura da ma'aunin zafi guda biyu, ɗaya a bushe, ɗaya an naɗe masa jiƙaƙƙen ƙyalle, bambancin da ke tsakaninsu shi ke nuna ƙishirwar iskar ɗakin. Ƙa'idar ita ce a fara da zafi kaɗan da laima mai yawa, a riƙa ƙara wannan ana rage waccan gwargwadon yadda ruwan katakon ke sauka. Sai dai ɗakin nan, wanda aka ƙirƙira don maganin aibi, idan ya faɗa hannun mai garaje yakan haifi aibobin da suka fi na rana muni, saboda ɓoyayyu ne. Na farko shi ne wanda fata ta bushe a miƙe, ta sandare a hakan, daga baya ciki ya bushe ya nemi tsukewa ita kuma ta hana shi, sai falankin ya zama lafiyayye a ido alhali cikinsa a ɗaure yake kamar baka. Kafinta ba zai sani ba sai ya tsaga shi, ya ji ya maƙure zarto, ɓari biyun kuma su lanƙwaso suna fuskantar juna. Masu lura sukan yanko ɗan guntu su tsattsaga shi kamar cokali mai yatsu, idan yatsun gefe suka rufo ciki an san aibin na nan, maganinsa kuwa a saki tururi a ɗakin a ƙarshen aiki na wasu sa'o'i har fatar ta saki jiki. Na biyu ya fi wannan sharri, domin idan aka ɗaga zafi alhali ciki na jiƙe, cikin ne ke yagewa ya zama rami-rami kamar saƙar zuma, waje kuwa sumul, kuma wannan ba shi da magani. Akwai na uku da ke damun itacen turare musamman, inda bututun ke lotsewa tun katakon na ɗanye, fuskarsa ta yi gargada, shi kam tururi mai zafi yakan tayar da mafi yawansa.

Wannan aibi na biyu yakan tuna mini da wata mas'ala a babin ciniki ta fiƙihun Malikiyya. Ƙa'ida ita ce mai saye yana da zaɓin mayar da haja idan ya sami tsohon aibi da aka ɓoye masa, amma a Muhtasar na Shehu Halilu an togace aibin da ba a iya sani sai an fasa abin ko an yanka shi, kuma cikin misalan da aka kawo har da ƙwaron da ke cikin katako, bisa hujjar cewa mai sayarwa da mai saye jahilcinsu ɗaya ne a kansa. Hukunci ne mai adalci a zamanin da babu hanyar leƙa cikin gungume. Ni dai ba mufti ba ne, amma ina ganin ya cancanci malamai su dubi halin mai ɗakin busarwa na yau, wanda yake da ma'auni, yake kuma da ikon yanko guntu ya duba kafin ya sayar, ko har yanzu za a ce jahilcinsa da na kafinta ɗaya ne.

Idan aiki ya riga ya ɓaci, tambayar da ta fi amfani ita ce a wane mataki aibin ya shiga, domin katako yana riƙe da shaidarsa ga mai iya karantawa. Tsagar da aka leƙa aka ga cikinta ya yi duhu da ƙura, tsohuwa ce, tun a filin shanya ta auku, wadda cikinta ke fari tas kuwa sabuwa ce, a shago ko a gidan mai kaya ta faru. Teburin da ya baro shago lafiya ya lanƙwashe bayan wata guda, ruwansa bai dace da ɗakin da aka kai shi ba, ko kuma fuska ɗaya aka yi wa fenti aka bar ta ƙasa tsirara tana shan iska ita kaɗai. Haɗin gam da ya buɗe daga baki biyu alhali tsakiya na riƙe, alama ce ta cewa katakon ya ci gaba da bushewa bayan an manna. Fentin da ya yi bororo, ruwa ne ke neman hanyar fita. Garin katako mai laushi da ake gani a ƙarƙashin kabad kuwa aikin ƙwaro ne mai cin sitacin farin gefen itace, ba laifin busarwa ba ne kai tsaye, ko da yake zafin ɗakin busarwa yana kashe shi da ƙwansa. Na'urar auna danshi mai allura biyu, wadda ba ta fi girman wayar hannu ba, tana yanke mafi yawan gardamar nan, in dai an tuna cewa maganarta abin dogaro ce tsakanin kashi 7 da wajen 25 kawai, kuma idan fata kaɗai allurar ta taɓa, labarin fata za ta bayar, ba na ciki ba. Dole a auna falanki da yawa daga wurare daban-daban na tuli, saboda falanki ɗaya jiƙaƙƙe a tsakanin busassu tara ya isa ya ɓata tebur.

Ga ƙananan masu sana'a, waɗanda tukunyar tururi ta fi ƙarfin jarinsu, akwai ɗakin busarwa na hasken rana, mai rufin gilashi ko farar leda, cikinsa an shafe da baƙin fenti, da fanka ɗaya ko biyu da 'yan tagogin da ake buɗewa a rufe. Falalarsa ita ce da dare zafi ya sauka laima ta tashi, fatar katakon ta ɗan huta, don haka da kansa yake warware ɗaurin da muka ambata. A ƙasar da rana ba ta yankewa, abin da ke hana shi yaɗuwa galibi kuɗin da ke kwance ne, domin dillali bai ga dalilin da zai riƙe haja wata biyu ba alhali ana saye ɗanya a kan farashi ɗaya, mai gini kuma yana so a buga masa rufi jibi.

Amma ko an busar da katako bisa dukkan sharuɗɗa, ba za a hana shi numfashi tsakanin Maris da Agusta ba, tun da a Kano da makamantanta ruwansa zai riƙa kai da komo tsakanin kashi 5 da wajen 15 kowace shekara. Abin da gwanin kafinta ke yi shi ne ya nufi tsakiya, wajen kashi 9 ko 10, ya ajiye katakon a shagonsa makonni kafin ya taɓa shi, ya zaɓi falankai marasa faɗi, ko itace mai natsuwa irin loko da kawo, ya kuma bar wa allon tsakiyar ƙofa 'yanci a cikin kwarmin da aka yi masa, ba gam ba ƙusa, ya shiga ya fita yadda yake so. Durowar da aka yi a hunturu a bar mata sarari, wadda aka yi da damina a matse ta. Da na koma wurin dattijon nan bayan damina, bai tsaya tuna mini maganarsa ba, sai ya ciro ƙyauren, ya ajiye shi a shagonsa har ƙarshen Nuwamba, ya fere bakin falankan ya yi musu leɓe mai hawa kan juna, yadda ko sun ja baya ba za a ga haske ba, ya cire ƙusoshin gefe ya bar ɗaya a tsakiyar kowane falanki. Tsagar ta sama tana nan har yau, takan buɗe a Janairu ta rufe a Agusta, yaran gidan kuma sun daina kula da ita.